Idan ƙarshen labari ɗaya ne, mene ne amfanin zaɓin da na yi?

Tambayar ta zo daga wani ƙanenmu da ke zama a wata fada, wato majalisar samari, a unguwar Birni, nan Damagaram. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Yaya, na buga The Walking Dead har ƙarshe a kwamfutar wana, sai da na yi hawaye. Da na gama na sake farawa, duk inda na ce e a karon farko sai na ce a'a, wanda na ceta na bar shi. Ƙarshen bai canza ba, wanda ya mutu ya sake mutuwa. Abokaina sun ce duk zaɓin da ake ba mu a irin waɗannan wasanni yaudara ce. Kai da ka san yadda ake haɗa su, zaɓin ɗan wasa yana da wani amfani in dai ƙarshen ɗaya ne?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, tambayarka ta yi kyau. Amsata ita ce e, yana da amfani, amma da sharaɗi, kuma abokanka suna riƙe da wani yanki na gaskiya. Na daɗe ina koyar da rubuta manhaja a garin nan, kafin nan kuma na riƙe shagon PlayStation a Sabon Gari, saboda haka na ga abin ta ciki, na kuma ga fuskokin masu bugawa. Zan faɗi ƙarshen wasu wasanni a ƙasa, wanda ba ya so a ɓata masa labari ya sani tun yanzu.

Mu fara da lissafi, domin shi ne tushen abin da ya ɓata maka rai. A ce marubuci ya ƙudura cewa kowane zaɓi zai raba labari gida biyu, kowane reshe ya kama gabansa, ba su sake haɗuwa ba. Zaɓi na farko ya ba da rassa 2, na biyu 4, na uku 8. A zaɓi na goma an kai 1,024. A na ashirin an kai 1,048,576. Kuma reshe ɗaya ba rubutu kaɗai yake ci ba. Sai an biya masu ɗaukar murya, an zana wurin, an motsa fuskokin mutane, an gwada a ga babu kuskure, an fassara zuwa harsuna da yawa. Duk wannan kuɗi za a zuba shi a kan abin da ɗan wasa guda ba zai ga ko kashi ɗaya cikin dubu nasa ba. Ƙari a kan haka, in ka duba jerin kofunan da PlayStation ke bayarwa, inda ake nuna yawan waɗanda suka kai kowane mataki, za ka ga mutane da yawa ba sa ma kai ƙarshen wasa. Babu kamfanin da zai iya ɗaukar wannan nauyi.

Abin da ake yi shi ne a bar labari ya rabu na ɗan lokaci, sannan a mai do shi hanya ɗaya. Abin da ka zaɓa kuma sai a rubuta shi a gefe, kamar yadda mai kanti ke rubuta bashi a littafinsa: wane ya ba yarinya abinci, wane ya yi ƙarya, wane ya ceci wance. Can gaba wasan ya buɗe littafin, ya duba, ya sauya jimla ɗaya, ko kallon da wani zai yi maka, ko wanda zai tsaya a bayanka in rigima ta tashi. A wasan da ka buga, wanda kamfanin Telltale na Amurka ya fitar a 2012 kashi biyar, an ba ka zaɓi a kashi na farko tsakanin ceton Carley da ceton Doug. Duk wanda ka ceta zai mutu a kashi na uku. Dalilin a fili yake: ba za a iya ci gaba da rubuta labari biyu har ƙarshe ba. A jerin Mass Effect kuwa wata dabara suka yi. In ka kashe Wrex, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka, a wasan farko na 2007, sai ɗan'uwansa Wreav ya hau kujerarsa a wasannin baya, ya taka matsayin da aka tanada, amma da wani hali dabam.

To abin da abokanka suka gano gaskiya ne, haka aka gina abin. Inda na rabu da su shi ne hukuncin da suka yanke a kai.

Ka tuna farkon kashi na biyu. Yunwa ta kama jama'a, an miƙa wa Lee, mutumin da kake bugawa, abinci guda huɗu, baki kuwa goma. Ga yara biyu, Clementine, yarinyar da Lee ke kula da ita, da Duck. Ga tsohon nan Larry wanda ya naushe ka ya bar ka a ƙasa a kashin da ya wuce. Ga Mark wanda shi ya kawo abincin tun farko. Ga cikinka kai ma. Babu wanda zai mutu saboda rabon da ka yi, babu wanda zai rayu saboda shi. Amma na zauna a bayan mutane da yawa suna wannan wurin, kuma na ga yadda hannu ke tsayawa a kan manet, abin riƙewan nan da ake sarrafa wasa da shi. Wani ya ba yara ba tare da tunani ba, sannan ya daɗe yana zagaye da sauran biyun. Wani ya je ya miƙa wa Larry, da aka tambaye shi ya ce tsoho ne, kuma ba ya so a ce ya rama da abinci. Wani ya ɓoye na ƙarshe wa kansa, ya waiwayo ya dube mu kamar mun kama shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wasan ya ƙarar da miyar da gangan don ka ga kanka. Wannan tsayawar hannu ta faru da gaske. Abin da ka sani game da kanka a lokacin, ka sani ke nan, ko da kashi na biyar ya ƙare yadda aka rubuta shi.

Nauyin zaɓi yana wurin da aka yi shi. Ana auna shi da abin da mutum ya sani a lokacin, da abin da ya rasa saboda ya zaɓa. Sakamako yana zuwa daga baya, kuma sau da yawa yana hannun wasu. Mu Hausawa ba baƙin wannan tunani ba ne. Akwai irin tatsuniyar nan da ba ta da ƙarshe sai tambaya, a ba ka labarin mutum uku kowa ya yi bajinta, sannan a ce wa ya fi, ko wa ya cancanci a ba shi yarinyar. Mai tatsuniya ba ya da amsa a aljihu. Yara su yi ta gardama har barci ya kwashe su, kuma a cikin gardamar ake jin wanda ya fi girmama ƙarfi, da wanda ya fi girmama amana. Ba mu taɓa cewa kaka ta yaudare mu ba don labarin bai sauya da amsarmu ba.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini sharaɗin da na ambata. Wata shekara na sa ɗalibaina huɗu su rubuta ƙaramin wasan labari da Hausa, da wata manhaja ta kyauta mai suna Twine, wadda rubutu kawai ake yi da ita, mai karatu yana latsa zaɓi. Suka ɗauki ɗan garuwa a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ke wuya a garin nan, wanda duk ɗan Damagaram ya san yadda yake. Ya kwana a layin famfo, ya samu cika kurarsa, ya sayar, saura jarka biyu. Mai tuwo-tuwo da ke saye kullum tana jira, ta riga ta ɗora tukunya, kuma ya yi mata alkawari. A hanya sai ga wata tsohuwa da bokiti, ba ta da ko dala. Da farko ɗaliban sun so kowane zaɓi ya buɗe sabon labari. A zaɓi na biyar suka ga rassa 32 a gabansu, su huɗu, ga jarrabawa ta matso. Dole suka mai da komai ƙarshe ɗaya: magariba ta yi, famfo ya ɗauke, ɗan garuwa ya tura kurarsa gida babu ruwa a ciki.

Muka kai wasan wata fada aka gwada a salula. Gardama ta kaure tun shayi na farko har na uku. Wani ya ce alkawari ya riga tausayi, matar nan sana'arta ce, in tuwo bai dahu ba ƴaƴanta ne za su kwana da yunwa. Wani ya ce tsohuwa ba ta da ƙarfin zuwa wani famfo, mai tuwo kuwa tana da kuɗin da za ta sayi na wani. Wani ya ce a raba, aka ce masa jarka ɗaya ba ta isa tukunyar ba, ka ɓata wa kowa ke nan. Duk wannan lokaci ba wanda ya tambayi yadda labarin ke ƙarewa. Amma da suka kai ƙarshe sai fuska ta canza. A rubutun farko, ɗan garuwa yana wuce ƙofar tsohuwar da yamma, ya gaishe ta, ta amsa da kalma iri ɗaya ko ya ba ta ruwa ko ya hana ta. Nan take suka ce wasan banza ne, bai ma san abin da suka yi ba. Muka koma muka ƙara layi biyu kacal. In ya ba ta, sai ta ce Allah ya yi maka albarka, ɗana. In ya hana ta, sai ta amsa gaisuwar ba tare da ta ɗago kai ba. Magariba tana nan, famfo a ɗauke, kura babu ruwa. Ƙorafin ya ƙare gaba ɗaya. Wani ma da ya hana ta ya ajiye salular ya yi shiru.

Abin da ɗan wasa ke bin wasa bashi ke nan: a shaida cewa ya yi abin da ya yi. Mutum yana iya haƙura da ƙarshen da bai so ba, amma ba ya haƙura da a yi kamar bai yi magana ba. The Walking Dead ya biya wannan bashi a wuri guda da kyau. A ƙarshen kashi na biyu jama'arku sun tarar da mota cike da abinci babu mai ita. Ko ka yarda a kwashe ko ka ƙi, za a kwashe. A kashi na biyar sai ga mai motar, wanda rasa wannan abinci ya tarwatsa masa iyali, ya zaunar da kai a ɗaki yana karanto maka abubuwan da ka aikata ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai faɗa ya dogara da littafin bashin nan da na ce. In ka ƙi taɓa abincin, kana da bakin magana. In ka ɗauka, sai ka nemi abin da za ka ce wa mutumin da ka cuta ba ka san shi ba. Ɗakin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, amma wanda ke zaune a kujerar ba ɗaya ba ne.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne Red Dead Redemption 2 na 2018. Arthur Morgan ɗan fashi ne a Amurka ta 1899. An aike shi karɓar bashi wurin wani talaka mara lafiya, ya doke shi, mutumin ya yi masa tari a fuska, Arthur ya kamu da tarin fuka. A wancan zamani babu maganinsa. Daga ranar da likita ya gaya masa, kai da ke riƙe da manet ka san inda aka dosa, babu abin da za ka latsa ya warke. Sai wasan ya bar ka da sauran kwanakinsa. Kana iya yafe wa waɗanda ake bi bashi, ka taimaki matar mutumin da ka doka, ka tsaya wa abokinka ya tsira da iyalinsa. Kana kuma iya ci gaba da zalunci har numfashin ƙarshe. In ka gyara hali ka tsaya wa abokin, Arthur zai mutu a kan dutse yana kallon fitowar rana. In ba ka gyara ba, abokin gabarsa ne zai ƙarasa shi. Mutuwa dai mutuwa ce a duka biyun.

Duk wanda ya taɓa jinya ya san wannan. Na yi jinyar kawuna wata biyu bayan likitoci sun ce a mai da shi gida. Kowa a gidan ya san ba tashi zai yi ba. Duk da haka akwai wanda ke zuwa ya juya shi da dare, ya jiƙa masa leɓe, ya zauna ya saurari labarin da ya riga ya ji sau goma, akwai kuma wanda ke leƙowa daga ƙofa ya wuce. Ranar da ya cika, ƙarshen ɗaya ne ga dukanmu. Ba wanda zai ce zaman da aka yi a gefensa aikin banza ne don bai hana mutuwa ba. Tun muna ƙanana malamai suka karantar da mu cewa ayyuka suna bisa niyya. Wasa wasa ne, ba na haɗa shi da ibada, amma mutumin da ya tashi da wannan karatu bai kamata ya sha wuyar gane cewa aiki yana da daraja tun kafin a ga abin da ya haifar ba.

Yanzu ga inda abokanka suke da gaskiya, kuma ba zan rage musu ba. Akwai zaɓin da ƙarya ce tsagwaronta. A ba ka amsa uku, ka zaɓi kowace, wanda kake magana da shi ya mai do maka da jimla iri ɗaya, babu ko ɗaga gira. Ko a rubuta a saman allo cewa wance za ta tuna da wannan, sannan ta mutu bayan minti biyar, ko ta rayu ba ta taɓa tunawa ba. Telltale sun yi wannan sau da yawa, kuma da mutane suka gane sai rubutun ya rage ƙarfi. Mafi girman rigima a kan haka ita ce ta Mass Effect 3, na kamfanin BioWare da ke Kanada, a watan Maris na 2012. Mutane sun fi shekara huɗu suna ɗauke da zaɓinsu daga wasa zuwa wasa, an kuma sa musu rai cewa duk zai yi tasiri a ƙarshe. Da suka isa sai suka tarar da zaɓi uku waɗanda hotunansu kusan iri ɗaya ne, bambancin da ya fi fitowa shi ne launin haske, ja ko shuɗi ko kore. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya fitar da ƙarin ƙarshe kyauta a watan Yuni na shekarar. Abin lura, ƙarin bai rushe zaɓuɓɓukan nan uku ba. Mafi yawan abin da ya yi shi ne nuna abin da ya samu mutane da al'ummomin da ɗan wasa ya yi hulɗa da su. Wato layi biyun tsohuwarmu ne, a babban sikeli. Alkawari kaya ne, kuma laifin da aka yi a nan na saɓa shi ne.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. A Spec Ops: The Line, shi ma na 2012, an kai ka wurin da babu hanyar ci gaba sai ka harba makami mai ƙona jiki, sannan a nuna maka fararen hula da ka ƙona, wasan ya yi ta ɗora maka laifi. Mutane da yawa suna yaba shi, kuma na fahimci abin da yake son faɗi game da yaƙi. Ni dai a ganina ba a tuhumar mutum a kan ƙofar da aka kulle aka tura shi ciki. The Last of Us na 2013 ya fi gaskiya a wannan fanni. Bai taɓa ce maka kai ke da labarin ba. Na Joel ne, mutumin da kake bugawa, shi ya yanke abin da ya yanke a asibiti a ƙarshen wasan, kai kana ɗauke da shi ne kawai, kuma kana da damar ƙin abin da ya yi.

Kada kuma ka ɗauka babu wasannin da ƙarshensu ke sauyawa da gaske. Detroit: Become Human, wanda kamfanin Quantic Dream na birnin Paris ya fitar a 2018, yana da mutum-mutumi uku da kake bugawa, Kara da Connor da Markus, kuma suna iya mutuwa a hanya labari ya ci gaba. Bayan kowane babi ana nuna maka taswirar rassan, da wanda ka bi da waɗanda suka rage a rufe. Baldur's Gate 3 na 2023, daga Beljiyam, ya kai wannan aiki nesa ƙwarai. Aiki ne mai ban mamaki. Amma na lura da wani abu a wurin masu buga Detroit. Da zarar sun ga taswirar, wasu sukan daina tambayar me ya dace in yi, su koma tambayar wane reshe ne ban buɗe ba. Sai ka ga mutum ya sa Kara ta yi abin da zuciyarsa ba ta so, don kawai ya cike gurbi. Rassa sun yi yawa, nauyin kowane ya ragu.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne The Witcher 3 na 2015. Makomar Ciri, yarinyar da Geralt, wanda kake bugawa, ya rena kamar ƴarsa, tana sauyawa da gaske, tana iya zama sarauniya, ko ta bi sana'arsa, ko ta tafi ba ta dawo ba. Amma ba a tsayar da kai gaban maɓalli uku a ƙarshe ba. Abin ya rataya ne a kan ƙananan abubuwa da ba a yi maka alama a kansu ba: lokacin da take baƙin ciki, ka yi wasan jifa da curin ƙanƙara da ita ko ka yi mata wa'azi a kan abin sha, ka bar ta ta shiga taro ita kaɗai ko ka bi ta kamar ba ka yarda da ita ba, ka raka ta kabarin wanda ya taimake ta ko ka ce babu lokaci, ka karɓi kuɗi daga hannun mahaifinta a gabanta ko ka ƙi. Tunda ba ka san ana lissafi ba, halinka na uba ne ke zaɓa. Undertale kuma, ƙaramin wasan da Toby Fox ya fitar a shekarar, ya bi ta wata hanya. In ka kashe kowa har ƙarshe, ka sake farawa ka bi hanyar salama, wasan yana tunawa, kuma kyakkyawan ƙarshen ba zai sake zuwa maka da tsabta ba.

Wani zai ce to ai dara da ƙwallo ba haka suke ba. Gaskiya ne, kuma yana da kyau a raba su. A dara, kowane ɗa da ka ajiye a rami yana sauya abin da zai yiwu nan gaba, babu wanda ya rubuta ƙarshen tun farko. Haka eFootball da Free Fire da kuke bugawa, da Civilization na Sid Meier, mutumin da aka san shi da ra'ayin cewa wasa jerin zaɓuɓɓuka ne masu jan hankali. A irin waɗannan, ƙa'idoji ne ke haifar da sakamako, kuma zaɓin da ba ya taɓa sakamako ba shi da wurin zama. Wasan labari wani abu ne dabam, ya fi kusa da tatsuniyar da aka ba ka damar sa baki. In ka auna shi da mudun dara, kullum zai fito da giɓi.

Sai maganar bugawarka ta biyu, wadda ita ta jawo tambayar. Ka lura da abin da ka yi. A karon farko ka zaɓi abin da ka ga ya dace, agogo yana gudu a ƙasan allo, ba ka san abin da ke gaba ba. A karo na biyu ka zaɓi akasin haka don ka gwada na'urar. Wannan bincike ne, kuma yana da amfani ga mai son koyon yadda ake gina wasa, ni ma haka nake yi in ina shirya darasi. Amma a karo na biyu ba Clementine kake kallo ba, wayoyin da ke bayan allo kake kallo. Hawayen da ka yi a karon farko, lokacin da Lee ke zaune a jingine yana gaya wa yarinya ƴar shekara tara abin da za ta yi bayansa, kai ka zaɓi kalmomin da ya bar mata, kai ka yanke ko ta harbe shi ko ta tafi ta bar shi. Wanka da ya buga kafin kai wataƙila wasu kalmomin ya bar mata. Ka tambaye shi.

Shawarata a aikace ita ce, in ka samu irin wannan wasa, ka buga shi sau ɗaya da zuciya ɗaya. Kada ka leƙa YouTube neman zaɓin da ya fi riba, domin da zarar ka san sakamako ka daina zaɓi, ka koma cike takarda. Kada ka koma inda ka ajiye wasan don goge abin da ka yi nadama a kai, ka bar nadamar ta bi ka zuwa babi na gaba, ita ce abin da ka saya. In a fada kuke, ku tsayar da wasan a wurin zaɓi mai wuya, kowa ya faɗi nasa da dalilinsa kafin mai manet ya latsa. Telltale suna nuna maka a ƙarshen kowane kashi yawan mutanen da suka zaɓi irin naka, amma jin dalilin abokin da kuka tashi tare ya fi wannan lamba.

In kana son na gaba, ka nemi Papers, Please na Lucas Pope. Ya fito a 2013, yana salula tun 2022, kuma ba ya buƙatar babbar na'ura. Kai ma'aikacin kan iyaka ne a wata ƙasar ƙirƙira mai suna Arstotzka, a 1982. Aikinka duba takardu da buga hatimi, ana biyanka bisa yawan waɗanda ka duba daidai, kuma da wannan kuɗi kake biyan haya da abinci da ɗumama ɗaki wa matarka da ɗanka da surukarka da kawunka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan iyaka a hanyar Kano da takarda a hannu ya san yadda ake ji a wancan gefen tagar, wasan kuma zai zaunar da kai a wannan gefen. A cikin kwanakin farko wani mutum zai zo da takardu cikakku, ka buga masa, ya roƙe ka ka kyautata wa matarsa da ke bayansa. Ita kuwa takardarta ɗaya babu. In ka shigar da ita za a rubuta maka laifi. In ka mai da ita, ta ce maka kashe ta za a yi a can. Babban labarin ƙasar zai ci gaba ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Ka buga, ka kai wurin nan, sannan ka rubuto mini hatimin da ka ɗauka, da tsawon lokacin da hannunka ya yi a kansa kafin ka buga.